Darɓa ta sauka a lambu: sabulu, dalbejiya ko maganin kanti?

Kiyashi ne ke fara tona mata asiri. Ka shigo lambu da safe ka tarar suna hawa da sauka a jikin tattasai kamar masu zuwa cin kasuwa, ka taɓa ganyen ƙasa ka ji yana danƙo a yatsa, tohon sama kuma ya dunƙule ya ƙi buɗewa. Juya ganyen. Ga su nan jingim a ƙarƙashi, kowace ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, wasu kore, wasu baƙaƙe, wasu kamar an barbaɗa musu toka. Darɓa ke nan, wadda wasu ke ce wa kwarkwatar ganye ko kwarkwatar wake.

Daga nan sai masu shawara su yi maka yawa. Maƙwabcin kwami ya ce ka ruga kasuwa ka sayo kwalba, malamin gona ya ce ka daka 'ya'yan dalbejiya, tsohuwar gida ta ce ruwan sabulu ya isa. Kowannensu yana da gaskiya a wani lambun. Abin da zai nuna wanda ya dace da naka shi ne wace irin darɓa ce, a kan wace shuka take, kuma kwana nawa ya rage ka fara tsinka.

Ka san wadda ta zo maka

Duk dangin darɓa suna da wasu 'yan ƙahonni biyu a ƙarshen bayansu, kamar bututu. Da su ake bambanta ta da farin ƙuda, wanda ke tashi fuu idan ka girgiza shuka, alhali darɓa ba ta damu da kai ba, tana nan maƙale. Wannan bambancin yana da amfani, domin nannaɗewar ganyen tumatir da ake yawan ɗora wa darɓa, farin ƙuda ne ke kawo ta.

A ƙasashe masu zafi darɓa ba ta jiran namiji, ba ta ma tsayawa saka ƙwai. Macen tana haihuwar 'ya'ya mata kai tsaye, kowace ta girma cikin kamar mako ɗaya ita ma ta kama haihuwa, kuma uwa ɗaya tana iya zuba 'ya'ya gommai kafin ta mutu. Idan ganye ya cika sai a soma haifar masu fukafuki, iska ta kwashe su zuwa lambun gaba. Shi ya sa wanda ya ga 'yan kaɗan ran Juma'a ya ce bari sai wata Juma'ar yake dawowa ya tarar da wani labari.

Ɓarnarta iri uku ce. Tana soka bakinta mai kama da allura ta tsotse ruwan shuka, ganye ya murɗe, toho ya tsumbure. Tana fitar da wani ruwa mai zaƙi, shi ne danƙon da kiyashi ke bi, kuma a kansa baƙar fumfuna ke fitowa ta rufe ganye kamar an shafa masa kunkunniya. Ta uku ta fi sauran muni: tana ɗauko ƙwayar cutar bairas daga shuka mara lafiya ta kai wa mai lafiya, kuma shukar da ta kamu ba ta warkewa.

Baƙar darɓa mai sheƙi, wadda masana ke kira Aphis craccivora, ita ce ta wake da gyaɗa. Tana taruwa a kan toho da kara da ɗanyen kwanso har wurin ya yi baƙi ƙirin, musamman idan ruwa ya ɗauke na 'yan makonni a farkon damina. Ita ke yaɗa kuturtar gyaɗa. A 1975 annobar wannan cuta ta lalata kusan hekta 700,000 na gyaɗa a arewacin Najeriya, asarar da aka ƙiyasta a kan dala miliyan 250, kuma tana cikin abubuwan da suka haɗu da farin waɗancan shekaru suka rusa dalar gyaɗa ta Kano. Ƙwaron da bai kai ƙwayar riɗi ba.

Darɓar kuɓewa da kankana, Aphis gossypii, ba ta da launi ɗaya. A ganye guda za ka ga rawaya, kore mai haske da kore mai duhu kusan baƙi. Auduga, kabewa, gurji, kokwamba, yakuwa, gauta da barkono duk nata ne. Alamarta ganye ya lanƙwashe ta ƙasa ya yi kamar ƙoƙo, ita kuma tana ɓoye a ciki inda feshi ba ya kai wa da sauƙi. Tana yaɗa cututtukan da ke sa ganyen kankana da kokwamba ya yi dabbare-dabbare, 'ya'yan su fito a karkace.

Koriyar darɓa, Myzus persicae, ba ta cika yin tuli kamar sauran ba, tana warwatsuwa a ƙarƙashin ganyen ƙasa na tattasai, attaruhu, dankalin turawa, latas da kabeji. Ganinta kaɗan yakan sa a raina ta, amma ita ce gwanar yaɗa cuta, tana ɗaukar bairas iri fiye da ɗari, kuma ta yi suna a duniya wajen jure maganin ƙwari.

Kabeji yana da nasa guda biyu. Akwai mai ruwan toka, Brevicoryne brassicae, wadda jikinta ke lulluɓe da wani gari mai kama da kakin zuma, ta fi son wuri mai sanyi irin tudun Jos da tsakiyar hunturu. Akwai kuma Lipaphis erysimi, kore mai duhu, wadda ta fi jure zafi. Dukkansu cikin zuciyar kabeji suke nufa, kuma da zarar ya naɗe da su a ciki, sai dai mai saye ya gano su a kicin.

Darɓar da ke sa ganyen dawa danƙo a ƙarshen damina da baƙar da ke kama tohon lemo wasu ne dabam, ba su cika komawa kan kayan miya ba.

Ma'aunin da za mu bi

Abu huɗu ake dubawa: kuɗin da hanya ke ci, ƙarkonta, wato kwana nawa take tsare shuka bayan an yi ta, wahalar aikinta, da haɗarinta ga mai feshi da mai ci da ganyen kansa da ƙudan zuma. Na ƙara na biyar wanda masu sayar da magani ba sa son a tayar, wato tazarar da dole a bari tsakanin feshi da tsinka. Mai kuɓewa yana tsinka duk bayan kwana biyu ko uku. Mai kabejin da aka dasa jiya yana da wata biyu a gabansa. Ba za su sha magani ɗaya ba.

Hannu, ruwa da abokan gabanta

Mafi arha ita ce ka murtsuke su da yatsa, ka tsinke tohon da ya cika ka binne, ko ka watsa musu ruwa da ƙarfi ta ƙarƙashin ganye. Darɓar da ta faɗo ƙasa da wuya ta koma, shi ya sa ruwan sama mai ƙarfi yake rage ta, noman rani kuma yake shan wahalarta. Kuɗi babu, haɗari babu, ƙarko ma babu, sai ka dawo bayan kwana biyu ko uku. Ga mai kwami goma a bayan gida wannan aikin rabin awa ne. Ga mai hekta a Kadawa ko Bakolori zancen banza ne.

Sai dai kafin ka ɗauki kowane mataki, duba ko kana da ma'aikatan kyauta. Akwai wani ɗan ƙwaro mai ƙoƙon baya kamar rabin ƙwayar wake, ja ko rawaya da zanen baƙi, wanda babbansa ke cin darɓa har kusan hamsin a rana. 'Ya'yansa ba su yi kama da shi ba ko kaɗan, baƙaƙe ne dogaye masu ɗigon ruwan lemo, kamar ƙaramin kada, kuma na sha ganin manoma suna murtsuke su da zaton su ne masu ɓarnar. Akwai wata 'yar tsutsa mara ƙafa, kore ko fara, da ke kwance a tsakiyar tulin darɓa tana tsotse su ɗaya bayan ɗaya. Idan kuma ka ga wasu darɓa sun kumbura sun bushe sun koma ruwan ƙasa, wasu da 'yar ƙofa a baya, wani ɗan mitsitsin zanzaro ne ya saka ƙwai a cikinsu. Lambun da ke da waɗannan yakan warkar da kansa cikin mako biyu idan darɓar ba ta yi yawa ba. Kiyashi ne ke korar su don kare saniyar tatsarsu, don haka rusa gidan kiyashi a gindin shuka shi ma magani ne.

Ruwan sabulu

Sabulu yana kashe darɓa ta hanyar lalata fatar jikinta ta bushe. Wadda ruwan ya jiƙa ita ke mutuwa, wadda bai taɓa ba ko gezau, kuma da ya bushe a ganye aikinsa ya ƙare. Saboda haka gwanintar tana wajen feshin: a juya bakin famfo sama, a bi ƙarƙashin ganye da cikin toho har ya riƙa ɗiga.

Ana narka giram 100 zuwa 150 na sabulu a famfon goyo mai lita 16. Sabulun salo ya fi dacewa, sai farin sabulun sanda mara turare. Garin omo da makamantansa suna ƙona ganye, musamman na kankana da kokwamba da tumatir. Ko da sabulu mai kyau ne, a gwada a kan shuka biyar a jira kwana ɗaya ko biyu kafin a bi lambu duka, kuma a yi da yamma, kada a yi da tsakar rana ko a kan shukar da ke jin ƙishi. Ruwan wasu rijiyoyi yana tsinka sabulu ya yi gudaji, irin wannan ruwan yana rage masa ƙarfi.

Kuɗinsa kaɗan ne, ana samunsa a kowane ƙauye, ana iya fesawa yau a wanke a ci gobe. Rauninsa ƙarko. Sai an maimaita duk kwana huɗu zuwa biyar, sau biyu ko uku a jere. A kan darɓar kabeji mai toka yana da wata fa'ida ta musamman, domin ruwa zalla zamewa yake yi daga jikinta, sabulu ne ke sa ya kama.

'Ya'yan dalbejiya

Ko dalbejiya kake ce mata, ko dogon yaro, ko maina, ko bedi, itaciyar da aka shigo da ita Borno a 1928 yanzu tana zubar da maganin ƙwari a ƙofar kusan kowane gida, yara suna tattakawa. Ƙarfin yana cikin ƙwallon, ganyen bai kai shi ba ko kusa.

Ana tsince nunannun 'ya'ya, a wanke naman, a shanya a inuwa. Wanda ya yi fumfuna a zubar. A daka rabin kilo a turmin da ba na abinci ba, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, da safe a tace da ƙyalle sau biyu, don ɗan gari kaɗan ya isa ya toshe bakin famfo ka yini kana hurawa. A zuba ɗan ruwan sabulu, a fesa da yamma a ranar, domin rana tana kashe sinadarin, ruwan da ya kwana biyu kuma ya soma lalacewa. Wanda ya samu man dalbejiya na kirki yana iya sa kamar mililita 5 a kowace lita, a kaɗa shi da sabulu tukuna don ya haɗu da ruwa.

Abin da ke sa mutane su yanke ƙauna da ita shi ne ba ta kashewa nan take. Tana hana ƙwaro ci, tana hana 'ya'yan sake fata su girma, tana rage haihuwa. Ka fesa yau ka dawo gobe za ka gan su a zaune ka ce ƙarya ce. Sai kwana na uku ko na huɗu za ka lura tulin ya daina ƙaruwa, sabon toho kuma ya fito a miƙe. Tana riƙewa kwana biyar zuwa bakwai, ta ɗara sabulu, kuma tana taɓa tsutsar kabeji a tafiya ɗaya, wanda sabulu ba ya yi. Cutarwarta ga masu cin darɓa da ƙudan zuma kaɗan ce idan da yamma aka fesa. Latas da alayyahu sukan ɗauki ɗaci, a ba su kwana biyu ko uku a wanke sosai.

Tsadar dalbejiya a gwiwa take. Yi lissafi: hekta ɗaya ta kayan lambu da suka girma tana shan kamar lita 300 na feshi, wato kilo 15 na ƙwallo a kowane zagaye, duk mako. Wanda bai tara buhu tun lokacin zubarta ba, ba zai samu ranar da darɓa ta sauka ba. A ƙaramin lambu kuwa, ni ban ga abin da ya kai haɗin dalbejiya da sabulu ba.

Barkono, tafarnuwa, toka da taba

Ruwan barkono da na tafarnuwa suna ɗan korar ƙwari, amma a kan darɓa yawancin aikin sabulun da aka haɗa da su ne ke yi, ga yaji a ido idan iska ta juyo. Toka tana ɗan taimakawa a kan tohon wake da raɓa, ba ta kai wa ƙarƙashin ganye. Ruwan taba yana kashewa sosai, amma guba ce ta gaske da ke shiga ta fata, kuma taba tana iya ɗauke da bairas da ke kama tumatir da tattasai. Ban ba kowa shawararta ba.

Maganin kanti mai kashewa da taɓawa

Wannan shi ne abin da aka fi miƙo wa manomi idan ya ce a ba shi maganin ƙwari: kwalbar da ke ɗauke da lambda-cyhalothrin ko cypermethrin, haka ake rubuta su a jikin takardar. Shi ne mafi arha a kanti, yana da sauƙin haɗawa, kuma yana faranta rai, ka fesa ka ga ƙwari suna zuba. A kan tsutsa da wasu ƙwarin wake yana da amfaninsa.

A kan darɓa kuwa, a ganina shi ne mafi munin ciniki. Ba ya shiga jikin shuka, don haka wadda ke cikin murɗaɗɗen ganye ta tsira. Masu cin ta kuwa, da ke yawo a fili, su ne ke fara mutuwa. Bayan kwana goma darɓar ta dawo ninki, ba mai taɓa ta, manomi ya ƙara murfi biyu a famfo, ya sake fesawa. Koriyar darɓa da ta kuɓewa sun riga sun saba da wannan dangin magani a wurare da dama na duniya, kuma yawan maimaita shi ne ya koya musu. Yana kashe kifi idan aka wanke famfo a magudanar ruwa, yana kashe ƙudan zuma, kuma duk wanda ya fesa shi ba kariya ya san zugin da yake sa wa a fuska da dare.

A nan ne ya kamata a ambaci fiya-fiya, wato dichlorvos ko DDVP, da wasu ke fesa wa ganyen miya. Ba na ganyen ci ba ne. Ragowarsa a jikin wake ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015.

Maganin da ke shiga jikin shuka

Imidacloprid, acetamiprid da thiamethoxam suna ratsa ganye su bi ruwan shuka, duk darɓar da ta tsotsa ta mutu ko a ina ta ɓuya. Ga ƙwaro mai tsotso, nan ne maganin kanti ya yi daidai da ciwon. Kwalbar ko ƙullin ya fi na baya tsada, amma kaɗan ake sawa, kuma feshi ɗaya yakan riƙe mako biyu zuwa uku, don haka idan aka lissafa da kuɗin mai feshi sau da yawa shi ne ya fi sauƙi a babbar gona.

Ƙarkon nan shi ne kuma haɗarinsa. Abin da ya shiga jikin shuka wanki ba ya fitar da shi, don haka kwanakin jira da aka rubuta a takarda ba abin wasa ba ne, kuma bai dace da kuɓewa ko ganyen da ake tsinka kullum ba. Yana kai wa har cikin fure. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da imidacloprid da thiamethoxam da clothianidin a fili saboda ƙudan zuma. Mai kankana da kabewa da kokwamba ya riƙe wannan da kyau, domin ba don ƙudan zuma ba furen nan ba zai zama 'ya'ya ba. Acetamiprid ya fi sauran sauƙi a kansu, amma shi ma ba a fesa shi kan buɗaɗɗen fure. Kada a yi dangi ɗaya fiye da sau biyu a jere, in ba haka ba su ma darɓa za ta saba da su.

Dimethoate, shi kaɗai ko a haɗe da cypermethrin, tsohon magani ne mai arha da masu wake suka sani, yana shiga jikin shuka kuma yana kashe darɓa. Amma ya fi waɗancan haɗari ga mai feshi, Turai ma ta janye izininsa a 2019. Ciwon kai, gumi, dalalar miyau, amai da ƙanƙancewar ƙwayar ido bayan feshi alamun guba ne. Madara da manja ba sa karya ta. A cire kayan jiki, a yi wanka da sabulu, a tafi asibiti da kwalbar a hannu.

Kowanne za ka saya, nemi lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, idan a Najeriya kake, ko ta kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel idan a Nijar ko Chadi kake, ka duba ranar lalacewa. Wanda ake ɗura wa a robar ruwa a bakin kasuwa ba ka san me ke ciki ba.

Abin da feshi ba ya iyawa

Yawancin cututtukan bairas na tattasai, kankana, kokwamba da wake a bakin darɓa suke maƙalewa. Mai fukafuki ta sauka, ta ɗanɗana ganye na 'yan daƙiƙoƙi, ta tashi. Ta riga ta zuba cutar kafin kowane magani ya kama ta. Shi ya sa za ka ga gonar attaruhu da aka yi wa feshi duk mako, ba darɓa ko ɗaya, amma ganye ya yi dabbare-dabbare ya ƙanƙance. Kuɗin maganin ya tafi a banza.

Abin da ke aiki a nan rigakafi ne. A tuge shukar da ta fara nuna alama a binne tun tana ɗaya ko biyu. A share gyauron gyaɗa da na wake da tsofaffin kututturen kabeji, domin a kansu darɓa da cutar ke cin rani. Kada a yi renon sabon iri kusa da tsohuwar gonar tattasai. A rufe wurin reno da raga mai ƙananan ido, a danne gefenta da ƙasa. Idon ragar yana da muhimmanci: a gwajin da aka yi kan kabeji a Jamhuriyar Benin, raga ta tsare tsutsa amma darɓa ta samu shiga. Gidan sauron da aka raba don zazzaɓi kuwa na gado ne, yana da magani a jiki. A kuma rage hannu da yuriya, domin tohon da ya sha taki ya yi laushi shi darɓa ta fi so.

Mai gyaɗa yana da makamai uku masu arha: shuka da wuri, shuka a matse yadda ganye zai rufe ƙasa da sauri, domin masu fukafuki sun fi sauka inda suke hango ƙasa tsakanin shuka, da iri mai jure kuturta kamar SAMNUT 23 da SAMNUT 24 na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. Wankin iri da garin magani mai thiamethoxam ko imidacloprid yana tsare tsiron wake da gyaɗa na makonni uku zuwa huɗu na farko, da ɗan ƙulli guda. Irin da aka wanke guba ne, a ɓoye shi daga yara da kaji.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Wahala | Haɗari | Jira kafin tsinka |
|---|---|---|---|---|---|
| Hannu da ruwa | Babu | Kwana 2 zuwa 3 | Mai yawa | Babu | Babu |
| Sabulu | Kaɗan ƙwarai | Sai wadda ya jiƙa | Maimaici duk kwana 4 zuwa 5 | Ƙona ganye idan ya yi yawa | A wanke kawai |
| Dalbejiya | Kaɗan, sai aiki | Kwana 5 zuwa 7 | Tsinta, daka, tacewa | Kaɗan | Kwana 2 zuwa 3 ga ganye |
| Mai kashewa da taɓawa | Arha a kwalba | Kamar mako ɗaya | Sauƙi | Masu cin darɓa, ƙudan zuma, kifi | Bi takarda |
| Mai shiga jikin shuka | Ya fi tsada | Mako 2 zuwa 3 | Sauƙi | Ƙudan zuma, ragowa a abinci | Bi takarda, ya fi tsawo |
| Wankin iri | Kaɗan | Mako 3 zuwa 4 | Sauƙi | Yara da dabbobi | Ba ya shafa |
| Raga a wurin reno | Da tsada a farko | Shekara ko fiye | Matsakaici | Zafi a ciki | Babu |

Wa ya kamata ya ɗauki me

Mai lambun gida, da latas da alayyahu da 'yan tattasai da yara ke tsinka su kai baki, ba shi da abin yi da kwalba. Yatsa, ruwa da sabulu sun ishe shi, ya ƙara dalbejiya idan abin ya ƙi.

Mai kuɓewa ko gauta ko attaruhun da ya soma tsinka yana kai wa kasuwa, sabulu da dalbejiya duk kwana biyar, washegarin tsinka. Idan ganyen ya riga ya murɗe ya zama ƙoƙo, ya tsinke mafi lalacewa tukuna, feshin zai fi shiga.

Mai kabeji ya yi yaƙinsa kafin naɗewa. A ƙaramin fili, dalbejiya da sabulu tun mako na biyu bayan dashe, bakin famfo a cikin zuciya. A babban fili idan darɓa ta kama shuka da yawa, feshi ɗaya na acetamiprid ko imidacloprid tun kabejin yana buɗe, sannan ya koma dalbejiya.

Mai kankana da kokwamba yana da dama ɗaya ta amfani da maganin da ke shiga jiki, daga tsiro zuwa kafin fure. Da fure ya buɗe sai sabulu mara ƙarfi ko dalbejiya, da yamma bayan ƙudan zuma sun koma.

Mai waken damina da ya ga baƙar darɓa lokacin da ruwa ya ɗauke ya dubi sama ya dubi ganye. Idan hadari na haɗuwa kuma masu cin ta suna nan, ya jira kwana uku. Idan tsiron ƙarami ne yana tsumburewa, ya fesa wuraren da ta taru kawai, ba gona duka ba, baɗi kuma ya wanke irinsa.

Wanda tattasansa ya riga ya yi dabbare-dabbare ya ajiye kuɗin maganin, ya tuge marasa lafiya, ya sayi raga ta reno mai zuwa.